Shekarar jira kafin jami'a ga mai ƙaramin ƙarfi

Tambaya: Malam, barka da warhaka. Na gama sakandare bana a nan Kano, shekarata 17. Na ci 187 a JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, ina son injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero (BUK), an ce mini da wannan makin da wuya in samu. Sakamakon WAEC ma ya fito, kemistiri ya ba ni D7. Babanmu ya ce ko da an ba ni gurbin bana ba shi da halin rajista, in haƙura sai baɗi. Abin da nake da shi duka naira 60,000 ne, kuɗin akuyar da na kiwata. Yaya zan yi da wannan shekarar kada ta tafi a banza?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Ka fara da gode wa mahaifinka da ya fito maka a mutum tun yanzu. Na haura shekara ashirin ina koyarwa a sakandare, ni nake zama da 'yan aji shida idan lokacin cike fom ya zo, kuma na ga yaran da aka tura jami'a da rancen maƙwabta, shekara ta zagayo babu na sabuwar rajista, suka dawo gida ba digiri ba sana'a. Naka mai sauƙi ne a kan nasu.

A Ingila da Amurka wasu da gangan suke jiran shekarar nan. Yarima William ya yi a 2000, har ya je Chile aikin sa-kai, Malia 'yar Obama ma ta jira shekara guda daga 2016 kafin ta shiga Harvard. Su masu hali ne suna neman buɗe ido, mu kuwa dole ce take zaunar da mu, saboda haka kada ka ɗauki shawarar da aka rubuta domin su. Kuma kada ka ga kamar kai kaɗai ne. A 2025 mutum kusan miliyan 1.9 suka zauna JAMB, fiye da miliyan 1.5 daga ciki ba su kai maki 200 ba.

Kuskuren da yawancin yara suke yi shi ne ɗaukar cewa wata goma sha biyu ne a gabansu. Ɗauko kalanda mu ƙirga. Yanzu muna ƙarshen Agusta. A 2024 da 2025 duk a watan Afrilu aka fara jarrabawar JAMB, rajistarta kuwa tsakanin Janairu da Maris ake yi. Ka ga wata bakwai da 'yan kwanaki ne suka rage maka, ba shekara ba. Kafin nan ma akwai jarrabawar gyaran kemistiri a ƙarshen wannan shekarar. Makin 187 ɗin nan kuma ka manta da shi, domin sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, ba a ajiye shi sai baɗi. Na WAEC ne ba ya tsufa.

To mu fara da abin da ya fi gaggawa, wato D7, wanda bai kai kiredit ba. Ko 300 ka ci a JAMB, babu jami'ar da za ta ba ka injiniya ba tare da kiredit biyar ba: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri, da wani darasin kimiyya guda. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar 'yan waje, wato waɗanda ba sa cikin makaranta, da ake yi wajen Nuwamba da Disamba, kuma rajista takan rufe tun kafin nan da makonni, don haka wannan satin za ka je ka tambaya, ba wata mai zuwa ba. WAEC tana da wani zagayen a farkon shekara, wajen Janairu da Fabrairu, amma ban so ka dogara da shi, domin zai faɗo maka daidai lokacin da ya kamata hankalinka ya koma kan JAMB gaba ɗaya. Yawancin jami'o'i suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, ko da ɗaya na WAEC ne ɗaya na NECO. Inda ake tsaurarawa a ce sai zama ɗaya shi ne likitanci a jami'o'i da dama. Duk da haka ka buɗe ƙasidar JAMB da ke shafinta na intanet ka karanta sharaɗin kwas ɗinka a jami'ar da kake so da idonka, kada ka tsaya ga abin da mai shagon intanet ya faɗa maka. Wani alherin kuma, karatun kemistirin da za ka yi don jarrabawar Nuwamba shi ne dai wanda za ka buƙata a Afrilu.

Yanzu kuɗin akuya. Naira 60,000 a aljihun saurayi kamar ƙanƙara ce a rana, yau data, gobe ɗinkin bikin aboki, jibi ba ka san inda ta shiga ba. Tun yau ka ware kuɗin jarrabawa biyun nan ka damƙa wa mahaifiyarka, ka roƙe ta ko kai ka zo kana rantsuwa kada ta ba ka sai ranar biya. A 2025 fom ɗin JAMB naira 7,200 ne, idan da jarrabawar gwaji 8,700. Ka ajiye fiye da haka, don farashi ba ya komawa baya, ga kuɗin mota zuwa cibiya, ga hoto, ga buga takardu. Fom ɗin 'yan waje ya fi na JAMB tsada nesa ba kusa ba. Idan ka cire waɗannan biyun, abin da zai rage ba zai kai jarin kirki ba, kuma ban so ka kira shi jari. Kuɗin kayan aiki ne da na mota, za ka ji dalili.

Abin da nake so shekarar nan ta bar maka, bayan maki, shi ne sana'ar hannu da za ta bi ka har cikin jami'a. A nan ne nake saɓa wa iyaye da yawa. Da yaro ya zauna sai a ce a kai shi Kantin Kwari ko Singa ya tsaya a shagon kawunsa, ko a samo masa na'urar POS, ko a karɓo masa a-daidaita-sahu ya riƙa kawo balas. Duk halal ne, kuma suna kawo kuɗi da wuri. Matsalarsu ita ce suna cinye yini sukutum, ka fita da safe ka dawo bayan magariba jiki ya mutu, ka buɗe littafi ka yi barci a kansa. Sannan ranar da ka tafi makaranta, shagon na mai shago ne, babu abin da ka tafi da shi a hannunka. Akwai wani ɗalibina, kansa yana ja ƙwarai a lissafi, ya karɓi a-daidaita-sahu da niyyar wata shida. Da ya fara ganin kuɗi kullum sai fom ɗin JAMB ya zama "baɗi in sha Allahu". Mun haɗu bara a danja, ya ɗauke ni kyauta, yana da 'ya'ya biyu, yana rufa wa kansa asiri, amma shi da bakinsa ya ce mini har yanzu idan ya sauke ɗalibai a ƙofar jami'a ba ya son waiwayawa.

Kai da kake son injiniyan lantarki, Allah ya sauƙaƙa maka zaɓi. Ka nemi mai aikin wayarin na gidaje ko mai haɗa sola, ka zama yaronsa. Halin da wuta take ciki a garin nan ya sa masu sola ba sa rasa aiki, daga masallaci zuwa shagon mai sayar da ruwan sanyi zuwa rijiyar burtsatse. Idan hakan bai samu ba, gyaran waya. Abin da za ka saya kaɗan ne: tasta, filaya, sukurdireba, mita ta gwada wuta, sai ƙarfen dalma idan waya ce. Ribar da ba a gani kuwa ita ce fiziks ɗin da kake haddacewa za ka riƙa taɓa shi da hannu. Yaron da ya taɓa haɗa batir biyu a jere ya ga ƙarfin wutar ya ninka, ba zai sake ruɗewa a kan wannan tambayar a jarrabawa ba. Kuma a ɗakin kwanan ɗalibai, mai iya gyara soket da fanka da cajin waya ba ya kwana da yunwa.

Sharuɗɗa biyu zan kafa maka a nan. Na farko, wurin ya kasance inda ƙafa ko keke za su kai ka. Kowa ya san Farm Centre ce cibiyar waya a Kano, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, idan daga Kurna ko Rijiyar Zaki za ka riƙa zuwa kullum, kuɗin mota kaɗai zai cinye ragowar kuɗinka kafin ka iya kwance waya. Mai gyaran bakin layinku, in dai ya iya aiki kuma yana da amana, ya fi maka. Na biyu, kada ka kai kanka. Mahaifinka ko yayansa ya kai ka, a zauna a faɗa wa maigidan gaskiya tun ranar farko: yaron nan ɗalibi ne, zai riƙa zuwa daga hantsi zuwa la'asar, zai ɗauki hutu lokacin jarrabawar Nuwamba, kuma daga Fabrairu har ya gama JAMB sai dai ya leƙo jefi-jefi. Abin da aka faɗa a gaban manya ba ya zama rigima daga baya. Wannan ya fi muhimmanci a 'yan shekarun nan da azumi yake faɗowa wajen Fabrairu da Maris. Teloli da 'yan Kwari a lokacin ne suke kwana a shago saboda hidimar kayan sallah, kuma a lokacin ne ɗalibi ya fi buƙatar darensa. Shi ya sa ban cika tura mai shirin JAMB koyon ɗinki ba a wannan tsakanin, duk da kyan sana'ar.

Sai dai yaron mai wayarin ba ya samun wani abin kirki a watannin farko, na abinci ne da ɗan na sabulu. Kuɗin da za ka tara daga wani wuri zai fito, kuma wanda na fi yarda da shi shi ne koyarwa. Ka tara yaran unguwa 'yan firamare da ƙaramar sakandare biyar ko shida a soron gidanku bayan sun dawo daga islamiyya, ka riƙa yi musu lissafi da Turanci, iyayensu suna biya a wata. Jarinsa allo da alli. Kai ma kana amfana, domin wanda ya koya wa yaro lissafin kashi-kashi sau ashirin, hannunsa ya faɗa. Ƙananan makarantu masu zaman kansu ma suna ɗaukar wanda ya gama sakandare, amma albashin kaɗan ne, ga shi suna riƙe mutum tun safe har azahar, wasu kuma sai an kai ruwa rana kafin su biya. Idan kuna da dangi a Kura ko Kadawa za a ce maka ka zo noman rani. Akwai samu a ciki, amma kakar tumatir da kakar karatunka lokaci ɗaya suke, sai ka auna.

Karatun kansa ba ya buƙatar kuɗi kamar yadda masu lesin suke nunawa. Manhajar JAMB tana shafinsu kyauta, darasi bayan darasi. Ka sauke ta darussanka huɗu, ka sa a buga maka, ka nemi littattafan aji huɗu zuwa shida, naka ko na aro, ka riƙa bi kana sa alama a kan abin da ka gama. Lokacin da ya fi albarka shi ne bayan asuba zuwa ƙarfe tara, kafin gida ya cika da hayaniya, sai ka ƙara awa ɗaya da dare. Awa uku kullum wata bakwai ta fi kwana goma na rashin barci ana gobe jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu abokai biyu masu irin darussanka, kada ku wuce uku, domin daga huɗu ya koma majalisa. Ranar da gida ya gagara, ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana nan.

Ka kuma san irin jarrabawar da za ka shiga. Tambaya 180 ce cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Idan ka raba, daƙiƙa 40 ce ga kowace tambaya. Yawancin yaranmu da suke tsayawa a 170 zuwa 190 ba rashin sani ne kawai yake kayar da su ba, lokaci ne yake ƙare musu suna kan lissafi ɗaya mai taurin kai. Saboda haka daga Janairu, duk Asabar ka zauna da tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka, awa biyu cif, ba tashi, ba duba amsa. Ka yi wa kanka maki, ka rubuta a bayan littafi, ka ga ko yana hawa. Turanci kuma kada ka raina shi don kai ɗan kimiyya ne. A nan ne yaran Arewa da yawa suke zubar da maki, kuma maganinsa karatu ne kullum, ko shafi biyu na jarida, tare da littafin labarin da JAMB take sanyawa, wanda ake ba ka lokacin rajista. Tun 2015 jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Ba sai ka iya kwamfuta sosai ba, A, B, C, D ne na amsa, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, amma ka biya kuɗin jarrabawar gwaji, ya cancanci kuɗinsa. Lesin kuwa, idan har za ka shiga, ka bari sai wata biyun ƙarshe, kuma don darasin da ya gagare ka kawai.

Duk wanda ya ce maka akwai cibiyar da ake ba da amsa, ko ya san wani a ciki da zai ƙara maka maki, ka riƙe kuɗinka. Mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne asarar kuɗin, mafi muni a riƙe sakamakon.

Akwai wani aikin da ba ya cin ko sisi amma yana hana yara gurbi duk shekara, wato takardu. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, kuma sunan da ranar haihuwar da ke kan NIN su ne za su hau fom ɗinka. Ka ɗauko takardar NIN da sakamakon WAEC ka jera su. Idan nan an rubuta Muhammad can Mohammed, ko an juya sunan mahaifi ya zo farko, ko shekarar haihuwa ta bambanta, yanzu za ka fara neman gyara, domin yana ɗaukar lokaci. Layin wayar da ka yi rajistar bana da shi ka tsare shi kamar ido, kada ka bari a rufe shi ko ka ba ƙaninka, da shi JAMB ta san ka. Ka nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma da ta haihuwa tun babu layi. Idan sakamakon kemistiri ya fito, ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafinka, domin tun 2017 ta CAPS, tsarin JAMB na intanet, ake ba da gurbi, kuma wanda ba a ga sakamakonsa a can ba, tsallake shi ake yi ko makinsa nawa ne.

Game da zaɓin makaranta, ka daina kallon mafi ƙarancin makin da ake sanarwa a rediyo. A 2025 an ce 150 ga jami'o'i, amma wannan ƙofar gida ce kawai, kowane sashe yana da nasa, kuma na injiniya yana sama sosai. Ka sa wa ranka 250. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankinsu, 20 ga jihohin da aka baro a baya a boko, don haka ɗan Kano ya fi samun dama a BUK ko Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) fiye da jami'ar da ke nesa. BUK tana da wata fa'idar gare ka da ta fi kowace: za ka iya zuwa daga gida, ka huta da kuɗin ɗaki da na abinci, ka ci gaba da sana'arka a ƙarshen mako. Ka sa jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil a lissafinka. Kuma kada ka raina kwalejin fasaha. Mai difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, kuma sau da yawa ya fi 'yan ajinsa sanin aikin hannu. Za ka ji ana tallar IJMB, shirin share fagen shiga jami'a da ABU take kula da shi, da makarantar share fage ta Funtuwa. Hanyoyi ne na gaskiya, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin gidan da ya kasa rajistar bana, shi ya sa ban tura ka can ba.

Daga ranar da ka fito daga ɗakin JAMB sai a juya tsarin: littafi ya ɗan huta, sai abin da za ka duba don tantancewar jami'a, aiki ya karɓi yini. Daga Mayu zuwa lokacin da za a kira ku akwai wata biyar ko fiye, kuma a lokacin hannunka ya fara faɗawa, maigida zai iya tura ka ƙaramin aiki kai kaɗai. Idan kana ajiye naira 1,000 a rana, kwana 26 a wata, cikin wata biyar ka tara 130,000. Ko rabin haka ka samu, ka sauke wa mahaifinka wani nauyi. Ka zuba a adashen da babba mai mutunci yake riƙewa, ka nemi kwasarka ta faɗo kusa da lokacin rajista, ko ka buɗe asusun banki, wanda dama za ka buƙace shi da lambar BVN. Dalili kuwa, tun 2024 akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, babu ruwa a ciki, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'ar gwamnati, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Amma sai ka zama ɗalibi tukuna kake nema, kuma ba ranar da ka nema yake fitowa ba, don haka kuɗin shiga na farko dole daga gida zai fito. Abin da ka tara kuma kada ka kai shi inda aka ce zai ninka cikin wata guda. MMM ta tafi da kuɗin mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025, cacar ƙwallo ta waya kuwa kullum take yi a hankali.

Idan kana da ƙanwa ko 'yar uwa da ke irin wannan zaman, lissafin ɗaya ne, sai dai ita nata haɗarin daban ne: aikin gida zai cinye safiyarta, kuma da an ga tana zaune sai maganar aure ta taso. A sama mata awanninta na karatu da kowa a gidan ya sani, da sana'ar da za ta yi daga ɗaki, lalle ko kitso ko girkin sayarwa, a kuma saya mata fom da wuri don kowa ya san inda aka dosa.

Shekarunka ba abin damuwa ba ne. Sha shida ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, bautar ƙasa kuma sai wanda ya haura talatin kafin ya gama ake cirewa. Injiniya shekara biyar ce, ko an haɗa da irin yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na wata takwas da aka yi a 2022, kana da sarari. Abin da nake tsoro shi ne jira na biyu da na uku, domin daga nan ne littafi yake fita daga rai.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mai nauyi a bakin ɗa. Ka samu lokacin da Baba yake cikin natsuwa, bayan isha'i, ka kai masa wannan tsarin a rubuce a takarda ɗaya: ga ranar jarrabawa, ga wurin da nake so a kai ni koyon aiki, ga abin da nake sa ran tarawa. Sannan cikin ladabi ka tambaye shi nawa yake ganin zai iya haɗawa zuwa baɗi war haka. Ka nemi ɗalibin BUK ɗan unguwarku da ke sashen injiniya ya faɗa maka abin da ya biya bana, da rajista da kuɗin mota da na takardu. Ka cire na Baba daga wannan jimlar, abin da ya rage shi ne naka, ka rubuta shi a bangon littafin kemistiri.